Gyaɗa da Ruwa Sun Isa Hakkin Aku?

Mutum ya sayi aku, ya sa shi a keji, kowace safiya ya zuba masa gyaɗa da ruwa. Maƙwabta za su ce ya kyauta. Amma ya sauke nauyin da ya ɗauka ke nan?

A kurmin Kamaru, aku mai launin toka da jan wutsiya ba ya zama shi kaɗai. Garke guda suke tashi da asuba, su yi tafiya mai nisa neman ƴaƴan itatuwa, musamman kwakwar manja, su wuni suna fasawa suna kiran juna. Keji ya raba shi da wannan duka. Ciki ya cika, amma baki da kai ba su da aiki.

Kan aku kuwa ba ƙarami ba ne. Wata masaniya a Amurka, Irene Pepperberg, ta yi shekara 30 tana koya wa wani aku mai suna Alex, daga 1977 har mutuwarsa a 2007. Ya san kalmomi fiye da 100, yana bambanta launi da siffa, yana ƙirga abubuwa kaɗan. Tsuntsu irin wannan, in aka bar shi a lungu ba abokin hira, yakan soma fige gashin ƙirjinsa da bakinsa har fata ta fito. Mai shi sai ya ce iskanci ne. Sau da dama kaɗaici ne.

Wani zai ce, ai tsuntsu ne kawai, ga yara ma ba su sami abin wasa ba. Gaskiya ne, yaro yana gaba da aku. Sai dai ba wanda aka tilasta wa sayen aku. Mulkin da Allah ya ba mutum a kan halitta amana ce, wanda kuwa ya rufe ƙofar keji da hannunsa shi ne zai tsaya wa tsuntsun a madadin kurmi da garke. Abin ba na kuɗi ba ne: ɗanyen reshe da zai gaigaya, gyaɗa da ɓawonta a naɗe cikin takarda don ya nema, yayyafin ruwa, da ajiye kejin inda iyali suke hira. Mai wuyar shi ne lokaci, gama aku yakan kai shekara 40 ko fiye, wani har ya ga jikokin mai shi.

Akwai kuma tambayar inda aka samo shi. Kamun tsuntsayen da saran kurmi sun kusa ƙarar da aku a Gana, a 2016 kuma ƙasashen duniya suka hana cinikin waɗanda aka kamo daga jeji tsakanin ƙasa da ƙasa.