Hattara da Masu Cewa Za Su Tayar da Mataccen Batir

Wata cuta ta shigo sana'ar waya a garin Gaya na Jamhuriyar Nijar, tana yaɗuwa daga rumfa zuwa rumfa, kuma lokaci ya yi da za a kira ta da sunanta. Ana sayar wa mutane jabun batura a ce na kamfani ne. Ana huda batirin da ya kumbura da allura, a danne shi, a mayar cikin waya, a ce an gyara. Ana saka wa mutum manhaja a karɓi kuɗinsa, a ce an saita masa batir ya koma sabo fil. Duka ukun ha'inci ne, biyu daga cikinsu kuma suna iya tayar da gobara a ɗakin da 'ya'yanmu ke kwana. Masu gyara da yawa suna tsoron Allah, ba sa kusantar wannan aiki, amma wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Ba banza ba wannan cuta ta sami gindin zama a nan. Gaya gari ne mai ƙofa biyu: tsallaken Kogin Isa ga Malanbil ta ƙasar Benin, ta ɗaya gefen kuma ga Kamba ta jihar Kebbi. Kayan da suka sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano da waɗanda suka fito daga kasuwannin Najeriya sun daɗe suna haɗuwa a nan, nagari da na bogi a kwali ɗaya. Waya kuwa ta zama rabin jarin mutum. Da ita ɗan canji ke jin yadda sefa da naira suka kwana, da ita ɗan kabu-kabu ke samun fasinja, da ita manomin rake da na shinkafa ke neman dillali, da ita ake sanar da mutum cewa an turo masa kuɗi ta Nita ko Amana. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke amfani da shi, ba a kuma ɗage takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ba sai a watan Fabrairun 2024. Jama'a suka ƙara dogara ga rumfunan caji, da janareta, da farantan sola. Ga kuma zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40. Wuta ba tsayayya, zafi ba sassauci, ai dole batir ya tsufa da wuri. Wanda wayarsa ke mutuwa tun kafin la'asar kuwa, duk abin da aka gaya masa zai yarda.

Maganin yaudara shi ne sani, don haka bari mu fara daga tushe. Batirin da ke cikin wayoyin yau na sinadarin litiyam ne. Kamfanin Sony ya fara sayar da irinsa a 1991, masana uku da suka aza harsashinsa kuma suka karɓi kyautar Nobel a 2019. A cikinsa akwai shafuka biyu da aka naɗe tare, tsakaninsu wata siririyar fata da ke hana su taɓa juna, duka jiƙe da wani ruwa mai saurin kama wuta. Duk caji ɗaya da sauka ɗaya suna cinye wani abu kaɗan daga ƙarfinsa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Kamfanin Apple da kansa ya ce batirin wayoyinsa na baya an yi shi ne ya riƙe kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa bayan cikakken caji sau 500. Ga mai cika waya kullum, wannan bai kai shekara biyu ba. Tsufan batir ba ciwo ba ne da za a ba shi magani. Ƙarewa ce, sai dai a jinkirta ta.

To, mene ne gaskiyar saita batir da ake ta yayatawa? Lambar da kake gani a saman waya, 60 ko 35 ko 8, ƙiyasi ne. Akwai ɗan ƙaramin ma'auni a cikin waya da ke lissafin wutar da ta shiga da wadda ta fita. In an daɗe ana cajin rabi-rabi, lissafin kan karkace, sai ka ga waya ta ɗauke alhali tana nuna 20, ko ta faɗo daga 50 zuwa 30 cikin ƙiftawar ido. Saitawa ita ce a bar waya ta sauka har ta kashe kanta, a sa ta caji ba yankewa har ta kai 100, a ƙara mata kamar awa ɗaya a jone. Shi ke nan. Ba a biyan kowa, ba a buƙatar wata manhaja. Abin da ya gyaru kuwa lissafi ne kawai. Kamar babur ne da allurar mansa ta daina faɗin gaskiya: in an gyara allurar za ka san abin da ya rage, amma tankin bai ƙaru da ko cokali ɗaya ba. Mai yin haka kowane mako ma yana cutar da batirinsa ne, domin saukewa har ƙasa na gajiyar da litiyam. Sau ɗaya a cikin 'yan watanni ya isa, shi ma sai in lambar ta fara rikicewa. In an yi kuma wayar ta ci gaba da ɗaukewa, batirin ne ya ƙare.

Saboda haka duk wanda ya karɓi kuɗinka don ya saka maka manhajar ƙara ƙarfin batir, ya sayar maka da iska, wannan ce cuta ta farko. Tun a 2012 wata injiniyar Android a kamfanin Google ta bayyana cewa goge fayil ɗin da irin waɗannan manhajoji ke gogewa ba ya ƙara wa batir komai. A watan Fabrairun 2020 kuma Google ya cire manhajoji kusan 600 daga kasuwarsa saboda cika wa mutane waya da talla, ciki har da na kamfanin Cheetah Mobile, mai Clean Master da Battery Doctor. Irin waɗannan manhajoji suna aiki a ɓoye, suna jawo talla da datar da ka saya, suna shan cajin da suka ce za su tsare. Wasu har suna neman izinin ganin lambobinka da saƙonninka, a wayar da kake karɓar kuɗi da ita. Ina ruwan likitan batir da lambar surukarka?

Cuta ta biyu ta fi wannan muni, ita ce ta jabun batura. Ana samun tsohon batir da aka ciro daga matacciyar waya, a sake masa riga. Ana samun sabo mai ƙaramin ciki a buga masa babbar lamba. Batirin wayoyin da suka fi yawa a hannun jama'a yanzu yana kai 5000 mAh. In ka ga wanda girmansa ɗaya da naka an rubuta masa ninkin haka, ƙarya ce tsagwaronta, domin wuri ɗaya ba ya ɗaukar abin da ya ninka shi. Abin tsoron ma ba ƙarancin ƙarfin ba ne. Batir na gaskiya yana da ɗan allon kariya da ke yanke wuta in ya cika ko ya yi zafi. Na bogi kan zo da allo na jeka-na-yi-ka, ko babu shi sam. A haɗa irin wannan da jabun caja, a jona a janaretan da wutarsa ke hawa da sauka, a bar su a rumfar kwano da tsakar rana, me ake jira? Araha ba ta ado, balle arahar da za ta ci gida.

Ta uku ita ce ta fi tayar mini da hankali. Batir ba ya kumbura haka kawai. Ruwan cikinsa ne ya lalace ya zama iska, alamar cewa ya gama aiki kuma ya zama haɗari. Mai huda shi da allura yana buɗe wa iska da danshi ƙofa, yana kuma iya yaga fatar nan da ke raba shafukan biyu. In suka haɗu, zafi ke haifar da zafi har wuta ta tashi, wutar da ke da wuyar kashewa, mai hayaƙi mai guba. Ba dole ta tashi a kan teburin mai gyara ba. Tana iya jira sai waya na aljihun riga, ko ƙarƙashin matashin kai, ko hannun yaro yana kallon bidiyo. Haka nan masu ɗaura wa mataccen batir wayoyin wuta kai tsaye don su farkar da shi, da masu sa shi a firji. Batirin da ya daɗe a mace cikinsa ya riga ya taɓu, tilasta masa caji wasa ne da wuta.

Wanda yake ganin zuzutawa ce ya tuna da 2016. Kamfanin Samsung, da duk injiniyoyinsa da ɗakunan gwajinsa, ya fitar da Galaxy Note 7, batura suka riƙa kamawa da wuta. A watan Satumba ya nemi a maido da wayoyi kusan miliyan biyu da rabi, a Oktoba ya daina ƙera ta gaba ɗaya, kamfanonin jiragen sama kuma suka hana shiga da ita. Binciken da ya biyo baya ya nuna 'yan ƙananan kurakurai ne a ƙirar batirin suka sa shafukan taɓa juna. In kuskuren da ido ba ya gani ya jawo wannan, yaya ramin da aka yi da allura da gangan?

Mu masu waya ma muna da namu laifin. Har yau ana gaya wa wanda ya sayi sabuwar waya ya bari ta mutu ƙurmus kafin ya cika ta, ya kuma bar ta a wuta kwana guda. Wannan doka ce ta tsofaffin baturan nikel, ba ta shafi litiyam ba. Babban maƙiyin batirin yau zafi ne. Apple ya yi gargaɗin cewa zafin da ya wuce digiri 35 na iya rage ƙarfin batir har abada, mu kuwa muna wata da watanni sama da haka. Amma sai ka ga waya a gaban gilashin mota a layin manyan motoci, ko a jone ana kallon ƙwallo da ita tana ƙuna kamar garwashi, ko an tara gommai a kan juna cikin akwatin mai caji ba ko iska.

Abin da ke tsawaita ran batir kyauta ne, kowa na iya yi. A yi caji a inuwa, da safe ko da dare in da hali, a kan daɓe ko tebur, ba kan katifa ba. A cire rigar waya in ta ɗumama. Kada a jira ta mutu. In ta kai 20 a nemi wuta, in ta kai 80 ko 90 a cire, sai ranar tafiya ko ranar da ba a san sanda wuta za ta dawo ba. Wayoyi da dama yanzu suna da wurin da za a umarce su su tsaya a 80 ko 85 da kansu. A rage hasken fuska, domin shi ya fi komai shan caji. A kashe data in ba a amfani da ita. Mutanen Tanda, Bengu, Bana, Tunuga da Yelu, da masu tsallaka kogi, su sani cewa inda sabis ya yi rauni waya na ƙara ƙoƙari wajen neman layi, musamman mai sim biyu da ke laluben Nijar da Najeriya ko Benin lokaci guda. A irin wannan wuri a kashe sim ɗin da ba a buƙata. In kuma bayan waya ya ɗago, ko gilashinta ya fara rabuwa da jiki, a daina caji nan take, a canza batir. Tsohon kada a jefa shi a juji inda ake cinna wuta, kada a ba yara su yi wasa da shi.

Malam mai gyara, ka ji tsoron Allah. Wanda ya miƙo maka wayarsa amana ya ba ka, bai san abin da ke ciki ba. In batir ya mutu ka ce ya mutu. In na hannu ne ka ce na hannu ne, ka sayar da shi a kuɗin na hannu. Ribar da za ka samu a huda ɗaya ba ta kai ran yaro ɗaya ba. Alhaji mai shago, da kai da ke shigo da kaya daga Kwatano ko Kano, kun fi kowa sanin abin da ke cikin kwalin. Rubuta lambar da babu ita tauye mudu ne, kuma kun san irin gargaɗin da Suratul Muɗaffifina ta yi wa masu tauye awo. Mai rumfar caji, ka ba wayoyin mutane iska da inuwa, ka ƙi karɓar wadda ta kumbura ko da mai ita zai yi fushi.

Shugabannin 'yan kasuwa da na masu gyara su sa wa kansu doka: ba huda batir, ba sayar da jabu da sunan na kamfani, kowane batir a ba da shi da takarda da wa'adin maidowa. Jami'an duwan da ma'aikatan magajin gari su ɗauki jabun batir da caja a matsayin abin da ke barazana ga rai, kamar yadda ake ɗaukar jabun magani. Malamanmu su taɓo batun a wa'azi, gidajen rediyo su maimaita shi da Hausa da Dendi da Zabarmanci da Fulatanci.

Kai kuma ɗan'uwa mai waya, da ke 'yar'uwa, kada ku biya kowa don ya tayar muku da mataccen batir, domin babu mai iya wannan. Ku tambayi inda kaya ya fito, ku nemi takarda, ku tsaya a canza a gabanku. In an ce za a huda, ku karɓi wayarku ku tafi. Allah ya tsare mu da iyalanmu daga gobara da ha'inci. In kunne ya ji, jiki ya tsira.