Kirista a Finafinan Addini: Da Wane Mudu Muke Awo?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore mu da tsayar da adalci ko da a kan kanmu ne. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa Musulmi, akwai wani malami da ya shigo gidajenmu ba da sallama ba, yana karantar da ƴaƴanmu tarihi tun daga isha'i har dare ya raba. Malamin nan shi ne fim. Ba finafinan rawa da waƙa nake nufi ba, waɗannan an sha yin wa'azi a kansu. Ina nufin waɗanda muka amince da su, muke kiransu finafinan addini, uba da kansa yake sa wa yara a waya don su koyi jaruntar magabata. Tun da mun sakar musu ƙofa, ya wajaba mu duba abin da suke cewa game da mutanen da ba sa cikin addininmu, musamman Nasara, wato Kirista, waɗanda muke zaune da su unguwa ɗaya.

Manyan cikinmu suna tuna fim ɗin Ar-Risala, wanda Mustafa Akkad, mutumin Halab ta ƙasar Sham, ya fitar a 1976, bayan an ɗauke shi a Maroko da Libiya, da Larabci da kuma Ingilishi. Wurin da ya fi zama a zukatan masu kallo shi ne fadar Najashi, sarkin Habasha. Ga Musulmi ƴan gudun hijira a tsaye, ga Amru ɗan Asi, tun bai musulunta ba, ya zo da kyaututtukan Ƙuraishawa yana neman a ba shi su ya mayar Makka. Sarki Kirista ne, fadawansa limaman Kirista ne, amma ya ƙi ya miƙa kowa sai ya ji ta bakinsu. Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib (R.A) ya yi bayani, ya karanta abin da ya sauka game da Nana Maryamu, sarki ya ba su mafaka.

Asalin wannan labari ba mai fim ya ƙaga shi ba. Hijira zuwa Habasha ta faru a shekara ta 5 bayan aiko Annabi, wajen 615 na miladiyya, kuma Annabi (S.A.W) da kansa ya nuna musu can, domin ya shaidi sarkin da cewa ba a zaluntar kowa a wurinsa. Ku lura, lokacin da ya samu wannan shaida bai musulunta ba. Musuluncinsa daga baya ya zo, har Annabi ya yi masa sallar ga'ibi a Madina a shekara ta 9 bayan hijira. Sai dai a kiyaye abu ɗaya: a fim ɗin sarki yana jan layi a ƙasa da sandarsa don nuna ƙanƙantar bambancin da ke tsakanin addinai biyu, alhali abin da malaman Sira suka ruwaito shi ne ya ɗauki ɗan tsinke ya tabbatar da cewa Annabi Isa (A.S) bai wuce abin da Ja'afaru ya faɗa ba. Bambancin tauhidi da aƙidar Allah uku ba layi ba ne a ƙasa, kuma ba ma ɓoye shi don a ji daɗinmu.

To, ku gwada wannan da abin da samari suke kallo yau a fada, ana dafa shayi. Shirin Ertugrul na ƙasar Turkiyya, wanda tashar TRT ta nuna daga 2014 zuwa 2019, kashi 150, ya karaɗe ƙasashen Musulmi. Akwai darasi a cikinsa na riƙon amana da tsoron Allah, ban musa ba. Amma duk wanda ya bi shi ya san yadda mai rataye da gicciye ya fi yawan fitowa: cikin ɗaki mai duhu, da ƙoƙon giya a hannu, yana ƙulla makirci. Wanda aka nuna da ɗan kirki a cikinsu kuwa, sau da yawa ka san ba za a jima ba zai yi kalmar shahada. Ashe an koya wa yaro cewa Kirista iri biyu ne kurum, maƙiyi da wanda yake kan hanyar tuba. Ga shi kuma abin da tarihi ya adana game da Ertugrul, mahaifin Usmanu wanda ya kafa daular Usmaniyya, kaɗan ne ƙwarai. Mafi yawan shirin ƙirar marubuta ce. Na ji wani yaro a unguwarmu yana kiran wani makanike Kirista, dattijo da ya haife shi, da sunan mugun cikin shirin, abokansa suna dariya.

Alƙur'ani mai girma bai yi wa Ma'abota Littafi kuɗin goro ba. A Suratu Ali Imrana, aya ta 113, Allah Ya bayyana cewa ba duka suka zama ɗaya ba. A aya ta 75 Ya ambaci wanda za ka ba ajiyar dukiya mai yawa ya mayar maka, da wanda dinari guda ba zai mayar ba sai ka tsaya a kansa. A Suratul Ma'ida, aya ta 82, Ya ambaci malamansu da masu ibadarsu da rashin girman kai, a cikin surar nan da ta ƙaryata aƙidarsu ƙarara. Tarihi ma haka yake. Abrahata mai giwa Kirista ne, mayaƙan gicciye da suka zubar da jini a Ƙudus a 1099 Kirista ne, ba wanda ya ce a goge wannan. Amma Addasu, bawan nan mutumin Ninawa da ya kawo wa Annabi inabi ranar da mutanen Ɗa'ifa suka jefe shi, shi ma Kirista ne a ranar. Tawagar Najarana ta zo Madina, aka yi muhawara, ba su karɓi Musulunci ba, suka koma gida da alkawarin aminci ga rayukansu da majami'unsu.

Wani zai ce, ai su ma haka suke yi mana. Gaskiya ne. A wani fim na masu bishara na Amurka mai suna God's Not Dead, na 2014, uba Musulmi ɗaya da aka nuna, dukan ƴarsa ya yi ya jefa ta waje don ta bi Kiristanci. Kowane uba a cikinmu da ya ga wannan zai ji an yi masa ƙazafi. To, ɗacin nan da ka ji, shi ne maƙwabcinka yake ji. Farkon Suratul Muɗaffifina ya yi narkon azaba ga mai karɓa da cikakken mudu ya bayar da tauyayye, kuma aya ta 8 ta Ma'ida ta hana ƙin wasu mutane ya kai mu ga barin adalci.

Kada a ɗauka wannan magana ce ta nishaɗi kurum. A watan Satumba na 2012, bayan wani fim na ɓatanci ga Annabi da aka yi a Amurka, an farfasa majami'ar Katolika a Damagaram. A Janairun 2015, saboda zanen wata jarida ta Faransa, wuta ta tashi a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka rasu, aka ƙone majami'u fiye da 40. Fushin kare mutuncin Annabi (S.A.W) yana cikin imani, amma waɗanda aka ƙone wa wuri ba su suka yi fim ba, ba su suka yi zane ba, da yawansu ƴan ƙasa ne, Hausa da Zabarmanci suke yi. Ban ce fim ne ya kunna wutar ba. Abin da na ce shi ne zuciyar da ta saba ganin fuska ɗaya ga dukan Nasara ba ta wahalar ɗaukar ashana. Aya ta 40 ta Suratul Hajji ta lissafa majami'u tare da masallatai cikin wuraren da Allah Yake tsarewa daga rushewa.

Saboda haka, ya kai uba, idan ka sa wa yara irin wannan fim, zauna tare da su. In an nuno mugun, gaya musu wannan mayaƙi ne na wani zamani, an kuma ƙara masa gishiri. Tambaye su ko haka suka ga ma'aikatan asibitin Galmi, wanda ƴan mishan suka buɗe a 1950, inda marasa lafiya daga Tawa da Maraɗi, har da ƙetaren iyaka, suke zuwa neman magani. Mun san suna da manufar yaɗa addininsu, muna tsare aƙidar ƴaƴanmu daga gare ta, amma wannan bai halatta mana yi musu ƙarya ba. Ku kuma masu shirya finafinai da masu fassara su da Hausa, abin da kuka sa a bakin mutum shaida ce, za a tambaye ku a kanta. Ga labarin Addasu nan da mutanen Najarana a littattafan Sira, in kuna neman abin ɗauka.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.