Ko Takobi Yana Iya Dasa Bangaskiya?

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana damun sarakuna da shugabannin addini. In mun tabbata hanyarmu ita ce gaskiya, ga kuma iko a hannunmu, ko ya halatta mu tilasta wa wani ya bi ta domin amfanin ransa? Kada mu yi saurin amsawa, gama waɗanda suka ce ya halatta ba dukansu mugaye ba ne. Waɗansu sun yi tsammani aikin Allah suke yi. Bari mu duba labarin wani babban sarki da ya gwada wannan da dukan ƙarfinsa, mu ga abin da ya girba.

A ƙasar Faransa an yi shekaru fiye da 30 ana yaƙi tsakanin Katolika da Furotesta, waɗanda ake kira Hugenot a can. A shekara ta 1598 Sarki Henri na 4 ya kafa doka a birnin Nant, wadda ta ba Hugenot izinin yin sujada a wurare da dama. Ƙasa ta sami hutu. Amma jikansa, Luwis na 14, wanda ya fi dukan sarakunan Turai na zamaninsa ƙarfin soja, ya ga bai dace a sami addini biyu a ƙarƙashin sarki ɗaya ba.

Da fari aka gwada kuɗi. Aka buɗe asusu na musamman, ana biyan wanda ya bar ekklesiyarsa ya koma Katolika. Da aka ga abin yana tafiya a hankali, sai a shekara ta 1681, a lardin Poitou, aka fara saukar da sojan doki a gidajen Hugenot. Maigida ne zai ciyar da su da dawakinsu. Su kuwa sai su cinye abincin gida, su farfasa kaya, su hana mutane barci dare da rana, har maigida ya sa hannu a takarda cewa ya sake addini. Hausawa sun ce tilas ba ta rasa ɗakin kwana. Dubban mutane suka sa hannu, har waɗansu garuruwa suka miƙa wuya tun sojan ba su iso ba.

Aka kai wa sarki lissafin waɗanda suka juyo, ya yi murna. A watan Oktoba na 1685 ya soke dokar kakansa. Aka rurrushe majami'u. Aka ba fastoci kwana 15 su bar ƙasar ko su sake addini. Sauran jama'a kuwa aka hana su fita. Namijin da aka kama yana gudu sai a kai shi jirgin yaƙi, a ɗaure shi da sarƙa ya yi ta tuƙi, mace kuma a kulle ta. Duk da haka mutum wajen 200,000 suka sulale, suka tafi Holan, da Ingila, da Suwizalan, da Jamus, waɗansu har Afirka ta Kudu da Amurka.

Me sarki ya samu? Cikin waɗanda suka gudu akwai masaƙan siliki, da masu ƙera agogo, da 'yan kasuwa, da hafsoshin soja. Sarkin Brandenburg ya buɗe musu ƙofa a shekarar nan, wajen 20,000 suka zauna a ƙasarsa, suka raya birnin Barlin. Schomberg, ɗaya daga cikin manyan sarakunan yaƙin Faransa, ya koma wajen William na Orange, babban abokin gaban Luwis. Da babban yaƙi ya tashi daga 1688 zuwa 1697, Hugenot da yawa suna cikin rundunar da ke yaƙar Faransa. Vauban, gwanin gina ganuwa na sarki, ya rubuta a 1689 yana ba da shawara a komo da su, ba a saurare shi ba. Waɗanda suka rage kuwa suka riƙa taruwa da dare a duwatsu da jeji. Bayan shekara 102, a 1787, wani sarkin Faransa ya yarda a fili cewa har yanzu suna nan, ya mayar musu da waɗansu hakkokinsu.

Amma kada mu tsaya a kan hasarar dukiya. Da a ce sarki ya ci riba, da abin ya zama daidai ke nan? Nan ne ainihin tambayar take. Masu goyon bayan sarki suna da hujja. Sun ce uba yakan matse ɗansa ya ɗura masa magani mai ɗaci, ba wanda ke ganin laifinsa. Sun kuma jawo misalin babban biki da ke cikin Luka sura 14, inda maigida ya aiki bawansa ya matsa wa mutanen da ke kan hanya su shigo.

Misalin magani yana da kyaun ji, amma bai kai ba. Magani yana aiki a jikin yaro ko ya so ko ya ƙi. Bangaskiya kuwa ita ce yardar kanta. In aka cire yarda, ba abin da ya rage sai motsin baki. Mutumin da aka hana barci kwana uku zai iya sa hannu a kowace takarda, amma wahalar ba ta ƙara masa ko hujja ɗaya ba. Abin da aka koya masa shi ne ya faɗi abin da bai gaskata ba a gaban Allah. Ashe wanda ya tilasta shi bai cece shi ba, ya dai ƙara masa zunubin riya, ya kuma sa ya ƙi jinin hanyar da ake kiransa zuwa gare ta.

Game da misalin bikin, wani ɗan fasto mai suna Pierre Bayle, wanda ɗan'uwansa ya mutu a kurkukun Faransa a 1685, ya rubuta littafi a 1686 yana amsawa. Ya nuna cewa kowace ƙungiya tana ganin ita ce mai gaskiya. In an ba mai gaskiya izinin tilastawa, to, an ba kowa ke nan, kuma mai rinjaye a kowace ƙasa shi ne zai riƙe bulala. Mu kuma muna iya ƙarawa da cewa bawan nan shi kaɗai aka aika, ba da runduna ba. Yadda muke matsa wa baƙo mai kunya ya zauna ya ci tuwo, haka ya matsa musu, da roƙo da naciya. Ubangijinmu kansa ya umarci Bitrus ya mayar da takobinsa kube, kuma sa'ad da waɗansu almajirai suka bar binsa bai aika a kamo su ba.

Laifi tudu ne, mutum ya taka nasa ya hangi na wani. Kada wani ya ce wannan halin Katolika ne kaɗai. A Ingila gwamnatin Furotesta ce ta kulle John Bunyan shekara 12 a Bedford, daga 1660 zuwa 1672, domin ya yi wa'azi ba da izini ba. Dokar sassauci da aka yi a Ingila a 1689 ba ta haɗa da Katolika ba, kuma a Ailan an danne su da dokoki masu tsanani. Cutar ba ta ɗarika ɗaya ba ce. Cutar zuciyar ɗan Adam ce sa'ad da ya sami iko.

Saboda haka, 'yan'uwa, mu binciki kanmu. Ba mu da sojan doki, amma kowannenmu yana da ɗan ikonsa. Uba yana da iko a kan 'ya'yansa, maigida a kan barorinsa, mai ba da magani a kan majiyyaci, malami a kan 'yan makaranta. In muka hana wa wani abinci, ko gona, ko taimako sai ya shiga majami'a, mun bi sawun Luwis. In muka saye shi da kyauta, mun buɗe irin asusunsa. Wajibi ne mu koya wa 'ya'yanmu Maganar Allah, ekklesiya kuma tana da ikon horon waɗanda suka shiga da yardar kansu. Amma tuba aikin Ruhu Mai Tsarki ne, ba a iya ƙwato ta.

'Yancin da muke roƙa wa kanmu inda muke kaɗan, shi ne za mu ba maƙwabcinmu inda muke da yawa, ko Musulmi ne, ko mai bin al'adar kakanni, ko Kirista na wata ɗarika. Kayan aikin da aka ba mu su ne wa'azi, da addu'a, da haƙuri, da zaman kirki. Suna da jinkiri, amma wanda ya zo ta wurinsu da zuciyarsa ya zo. Allah ya ba mu ikon riƙe gaskiya da ƙarfi, mu kuma riƙe mutane da tawali'u.