Gaggauta Jana'iza ko Jiran Suna: Abin da Gobarar Grenfell ta Tayar

Daren 14 ga Yunin 2017, cikin watan azumi, wuta ta tashi daga wani firji a hawa na huɗu na benen Grenfell da ke yammacin Landan. Kafin gari ya waye ta lashe ginin mai hawa 24, domin kayan da aka lulluɓe bangonsa da su masu saurin kamawa ne. Mutum 72 suka rasu, da yawansu Musulmi. Wasu da suka tsira sun ce zaman jiran sahur ne ya sa suna farke.

Sai aka shiga wata jarrabawar. Musulmi ya saba idan an yi rasuwa da safe, kafin la'asar an kai mamaci makwancinsa. A nan kuwa iyalai sun yi makonni, wasu watanni, ba a ba su abin da za su yi wa sutura ba. 'Yan sanda sun ɗauki ginin a matsayin wurin da ake zargin an aikata laifi, masana ƙasusuwa da na haƙora suka shiga suna tankaɗe toka da hannu, kimanin tan 15 a kowane hawa. Sai a watan Nuwamba aka sanar cewa an gane kowa.

Jinkirin yana da dalili. Wuta tana cinye fuska da zanen yatsu tun da wuri. Ƙashi kuwa launinsa yana sauyawa da ƙaruwar zafi, daga baƙi zuwa ruwan toka zuwa fari, yana tsukewa yana tsattsagewa, ƙwayoyin halitta na DNA da ke cikinsa suna lalacewa. Haƙori ya fi komai juriya, shi ya sa ake neman takardun likitan haƙorin mamaci a gwada. Ƙarfen da aka taɓa dasa wa mutum a ƙugu ko gwiwa yakan zo da lambar da za a bi a gano mai shi. Idan akwai sauran tsoka, baƙin hayaƙi a maƙogwaro da gubar hayaƙi a jini suna nuna cewa mutum yana numfashi lokacin da wuta ta same shi. Rashinsu kuma yana sa a yi tambaya, ko kashe shi aka yi sannan aka cinna wuta don ɓatar da sawu.

To, ina matsayin addini? Gaggauta jana'iza umarni ne sananne, haka kuma haramcin keta alfarmar gawa, har ana kwatanta karya ƙashin mamaci da karya na mai rai. Amma malaman fiƙihu ba su ɗauki gaggawar a matsayin abin da ba ya jira ba. Sun ce wanda ya nutse a ruwa ko tsawa ta faɗa masa, a dakata har a tabbatar ya cika. Sun yi maganar wanda ya ƙone: idan cuɗawa za ta saɓule fatarsa a kwarara masa ruwa kawai, idan hakan ma ba zai yiwu ba a yi masa taimama. Sun ma yi saɓani kan gutsuren jiki. Malikiyya ba sa yin salla sai an samu mafi yawan jikin, Shafi'iyya da Hambaliyya kuwa suna sallatar ko da gaɓa ɗaya ce, muddin an tabbatar mai ita ya mutu.

Wannan sharaɗi na tabbatarwa shi ne gundarin magana. Hukunce-hukunce masu nauyi suna rataye da sanin wane ne ya mutu. Mace ba ta shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma sai da tabbacin rasuwar mijinta. Ba a raba gado a kan zato. A mazhabar Malikiyya, matar wanda ya ɓace ba a san ransa ko mutuwarsa ba takan jira shekara huɗu bayan ta kai ƙara gaban alƙali, dukiyarsa kuma a ajiye ta har ya kai shekarun da tsaransa ba su cika wucewa ba. Guntun haƙorin da aka gane a ɗakin gwaji yana iya fitar da iyali daga wannan halin na ba su ga tsuntsu ba su ga tarko.

Majalisar fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami da ke Makka ta duba waɗannan batutuwa. A 1987 ta halatta binciken gawa idan alƙali na buƙatar sanin musabbabin mutuwa. A 2002 ta amince da gwajin DNA wajen gane gawarwakin da ba a san masu su ba a haɗurra da yaƙe-yaƙe, da kuma binciken laifuka, amma ta ce ba za a tsayar da haddi ko ƙisasi da shi ba. Wato ta yarda gwajin ya faɗi sunan mamaci, ba ta yarda ya yanke wa mai rai hukuncin kisa ba.

A Grenfell tabbatar da waɗanda suka rasu ya yi wani amfanin. Wasu mayaudara sun fito suna kukan rasa mata da 'ya'ya a gobarar don su karɓi tallafi. Da aka bi diddigi, sai aka ga mutanen da suke yi wa kuka ba su taɓa zama a ginin ba, kotu ta ɗaure su.

Irin wannan tambaya ta taso a gida Najeriya a watan Oktoban 2024, lokacin da tankar mai ta kama da wuta a garin Majiya na ƙaramar hukumar Taura a jihar Jigawa, mutum fiye da 150 suka rasu. Washegari aka yi wa da yawansu jana'iza a babban kabari ɗaya. Babu mai ganin laifin mutanen garin: ga zafi, ga rashin isassun wuraren ajiye gawa, kuma haɗa mamata a kabari ɗaya saboda lalura yana da asali tun shahidan Uhudu. Sai dai jagororin ƙungiyar Red Cross ta duniya da hukumar 'yan sandan ƙasa da ƙasa ta Interpol sun nuna hanyar da ba ta hana gaggawa: a ba kowace gawa lamba, a ɗauki hotonta, a rubuta abin da aka samu tare da ita, a ajiye samfuri idan da hali, sannan a jera su yadda za a san inda kowa yake. Bayan haɗarin jirgin Dana a Legas a 2012, sai da aka aika samfurori Birtaniya kafin a gane gawarwakin da suka ƙone. A 2017 jihar Legas ta buɗe nata ɗakin gwajin DNA, amma Legas tafiyar fiye da kilomita 1,000 ce daga Majiya.