Mafarkin da Aka Rataya a Bango

Kakata ta hore ni cewa mummunan mafarki ba a faɗa wa kowa: a yi tofi hagu sau uku, a nemi tsari. Horon ya dawo mini a 2023, a New Museum na birnin New York, gaban ayyukan Wangechi Mutu 'yar Kenya. Ta yayyanko hotunan mujallu, ta haɗa da tawada, ta fito da mata masu jikin tsiro da na dabba.

Shin ta tona abin da aka ce a binne? Na daɗe ina juya tambayar. Mafarkin barci zuwa yake ba da izininka ba. Nata kuwa ido biyu ta ƙera shi da almakashi, don a ga yadda aka yayyanka surar macen Afirka. Shaida ta bayar, kuma a ganina daidai ta yi.