Hukuncin faɗa wa likita mummunan mafarki

Tambaya: Malam, ni ma'aikaci ne a wani kamfanin roba a Sharada. A da a Bompai nake aiki. Ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012 na taso ke nan da yamma, bam ya tashi a hedikwatar 'yan sanda, na ga abin da baki ba zai iya faɗa ba. Har yau ina mafarkinsa. In janareta ya yi tari ko ƙarfe ya faɗi sai jikina ya ɗauki ɓari, titin nan kuwa ban ƙara binsa ba. Likita ya ce in riƙa rubuta abin da nake ji, har da mafarkin, in kawo masa. Abokin aikina ya ce hadisi ya hana ba da labarin mummunan mafarki, kuma raunin imani ne ke damuna. Mene ne hukunci?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ɗan'uwa, Allah ya ba ka lafiya, ya jiƙan mutanenmu sama da 180 da aka kashe a Kano a wannan rana.

Ya halatta ka rubuta, ya halatta ka faɗa wa likita, shi ne ma abin da ya fi maka.

Hadisin da abokinka ya ambata ingantacce ne, Buhari da Muslim sun ruwaito shi daga Abu Ƙatada. An umurci wanda ya ga abin ƙi a barci da ya nemi tsarin Allah, ya yi tofi hagunsa sau uku, kada ya ba kowa labari. Amma dubi dalilin hanin. An yi shi ne don kada a fassara mafarkin da sharri, mai shi ya kwana ya tashi yana jiran masifa. Naka kuwa ba fassara kake nema masa ba, domin abin ya riga ya faru a idonka, ƙwaƙwalwa ce ke maimaita shi. Wannan alamar ciwo ce, kamar zazzaɓi. Ibnul Ƙayyim ya bayyana a Uddatus Sabirin cewa sanar da likita halin da ake ciki don neman waraka ba ya rushe haƙuri. Saboda haka ka yi tofin, ka nemi tsarin, da safe ka rubuta. Abin da za ka bari shi ne baza shi a majalisa ko a teburin mai shayi.

Maganar raunin imani ita ta fi yi mini ciwo, don ta sa mutane da yawa sun haɗiye cutarsu shekara da shekaru. Alƙur'ani ya ba mu labari a Suratul Ƙasas cewa Annabi Musa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya bar gari a tsorace yana dube-dube, kuma ya juya da gudu da ya ga sandarsa tana motsi. Wa zai tuhumi imaninsa? Tsoro na ɗabi'a ba zunubi ba ne.

Likitoci sun san wannan ciwo, an shigar da shi kundin cututtukan ƙwaƙwalwa a Amurka a 1980, bayan abin da aka gani ga sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam. Alamunsa su ne waɗanda ka lissafa: dawowar abin a mafarki ko a farke, guje wa wurin, firgita da ƙaramin sauti. Akwai kuma saurin fushi, ƙarancin barci da janye jiki daga iyali, ka duba ko kana da su. Idan suka wuce wata guda suna hana mutum sakat, magani ake nema. Kada ka tsaya a kan "ba na jin daɗi". Rubuta me ka ji ko ka shaƙa kafin abin ya taso, ina ya kama ka a jiki, ya ɗauki minti nawa, me ya kwantar da shi. Mai aiki gaban inji wajibi ne ya san wannan, don ɓarin hannu a nan kan jawo asarar yatsu.

In abin ya sa kana yawan shakka a salla, littafin Risala ya ce wanda shakka ta aure shi ya kau da kai daga gare ta, ya yi ba'adi.

Ka ci gaba da ganin likitanka. In ya tura ka sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko asibitin Dawanau, ka je, zuwa can ba ya nufin hauka. Azkar da ruƙya ta shari'a ba sa karo da magani, ka haɗa su. In kuma tunanin halaka kanka ya taɓa zo maka, ka gaya wa likita da wani makusancinka a ranar, kada ka jira.

Wallahu a'alamu.