Bayani A Kan Kamannin Fuskoki

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Mai suranta bayinSa yadda Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Amma bayan haka, ya 'yan'uwana a cikin ɗariƙa, sababin wannan takarda wani laifi ne da na yi. Wani baƙo ya shigo zawiyarmu, ya zauna a halƙar zikiri, sai na ga fuskarsa kamar an tsaga kara da mutumin da ya ci amanar mahaifina a kan gona. Wata uku ina amsa sallamarsa da baki, zuciyata tana ƙinsa, alhali bai yi mini komai ba. Da na kwanta ciwo, shi ne ya riƙa kawo mini ruwan alwala. Sai kunya ta kama ni, na zauna ina neman sanin mene ne kama.

Ku sani, asalin kama shi ne ɗayantakar tushe. Dukkanmu daga Adamu da Hauwa'u muke, kuma siffa tana tafiya a cikin zuriya, ta ɓuya a wani, ta bayyana a jikansa. Ya zo a cikin Buhari da Muslim cewa wani baƙauye ya yi shakkar ɗansa domin an haife shi baƙi. Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye ne, amma akwai mai launin toka a cikinsu, kuma watakila gado ne daga kakanni. Sai Annabi ya nuna masa haka ɗan nasa yake, bai yarje masa ya kore shi ba. Da wannan aka tsare mutuncin uwa da nasabar yaro.

Masu bincike na wannan zamani sun iske abin da ya dace da haka. A shekarar 2022, a Basalona ta ƙasar Sifen, an auna mutum bibbiyu har kashi 32, masu kama da juna ba tare da dangantaka sananniya ba. Na'urar gane fuska ta ɗauki kashi 16 tamkar mutum guda, kuma 9 daga cikinsu an iske ƙwayoyin gadonsu sun yi kusa ƙwarai. Duk da haka, ko tagwaye masu kama ɗaya zanen yatsunsu daban ne. Kamanninmu shaida ne cewa Mai yi ɗaya ne, bambancinmu kuwa shaida ne cewa kowa zai tsaya da hisabinsa shi kaɗai.

Wani zai ce, ai labarin zuciya a tambayi fuska. Na'am, fuska tana nuna farin ciki da baƙin ciki na sa'a guda, amma tsawon hanci da faɗin goshi ba su ba da labarin amana. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Wanda ya ƙi mutum domin ya yi kama da maƙiyinsa ya ɗora masa laifin wani, wanda kuma ya sallama kansa ga mutum domin ya yi kama da shehinsa ya jefa kansa a hatsari. Kada muridi ya kira zatonsa firasa, domin firasa haske ne da ake samu bayan wanke zuciya.

Annabi ya shaida wa Ja'afaru ɗan Abi Ɗalibi cewa ya yi kama da shi a halitta da hali. Kamar halitta kyauta ce, babu mai samunta da ƙoƙari. Kamar hali kuwa ƙofarta a buɗe take ga kowa, da gaskiya da haƙuri da yafiya da lazimtar zikiri. Ita ce abin nema, ya kai muridi.

Na nemi gafarar wannan bawan Allah, ya yafe mini. Allah Ya kyautata halayenmu kamar yadda Ya kyautata surarmu. Wallahu a'alamu. Tammat bi hamdillahi.